A daina raba kekunan ɗinki ɗaya-ɗaya, a buɗe shagon kowa a Wurno, Rabah da Goronyo

Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye masu koyon sana'a ya san yadda abin yake tafiya. A kafa rumfa, a jera baƙaƙen kekunan ɗinki cikin kwalayensu, babban baƙo ya yi jawabi, a kira suna a miƙa, a ɗauki hoto, a watse. Bayan mako biyu ka leƙa kasuwa, sai ka ga wasu daga cikin kekunan nan a gaban dillali, ko ledar jikinsu ba a cire ba.

Ni ban ga laifin wadda ta sayar ba. Matar da ba ta da hatsi a ɗaka, aka ba ta keke ba jari, ba zare, ba wanda ya san ta da ɗinki balle ya kawo mata, me ake so ta yi? Yunwa ba ta jiran sai ciniki ya kankama. Inda na ga laifi shi ne tunanin da ya sa shekara da shekaru muna maimaita abu ɗaya, kamar dai ƙarancin keken Butterfly ne ya hana ɗinki ci gaba a gabashin Sakkwato.

Ba shi ba ne. Irin wannan keken na taka-taka ba unguwar da babu shi a Wurno ko Rabah ko Goronyo. Wata ta gada wajen mahaifiyarta, wata da shi aka kai ta ɗaki. Abin da ake rashi shi ne manyan kekunan da teloli ke kira indastiriyal, da keken wibin, da na gidan maɓalli. Waɗannan ba kowa ke iya sayen su ba, kuma gaskiya ma ba kowa ke buƙatar ya mallake su ba. Abin da mutum ke buƙata shi ne ya samu ya hau na awa ɗaya ko biyu, ya gama aikinsa, ya sauka ya ba wani.

Shawarata ke nan: kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya samu ɗaki guda da aka zuba irin waɗannan kekuna, ana biyan kuɗin awa ana hawa. Kuma kada a ce sai wanda ke da shago ko katin ƙungiyar teloli. A bar ƙofa a buɗe ga mai ɗinki don sha'awa, da mai ɗinka wa 'ya'yanta, da ɗan makarantar da hannunsa ke ƙaiƙayin almakashi.

Bari in ɗan yi bayanin bambancin, don wanda bai taɓa zama a shagon tela ba zai ɗauka keke keke ne.

Keken indastiriyal irin Juki DDL-8700, wanda ya cika shagunan birni shi da masu kama da shi 'yan China, yana iya ɗinka ɗigo 5,500 a minti ɗaya. Yana da kaskon mai a ƙarƙashinsa, shi ke shayar da kansa yana cikin gudu. Da gwiwa ake ɗaga ƙafarsa, don haka hannu biyu suna kan yadi. Labule ko zanen gadon da zai cinye wa mai taka-taka yini guda, nan kafin la'asar an naɗe shi. Ba gudun kaɗai ba, ɗinkin ma yana fita a miƙe, ɗigon daidai wa daida, ko da yadin mai kauri ne.

Shi kuwa keken wibin aikinsa daban. Yana da wuƙa da ke yanke bakin yadi, a lokaci guda zare uku ko huɗu ko biyar su ɗaure bakin yadda ba zai zare ba. Juya rigar da ke jikinka ka duba ciki. Idan ka ga bakin a ɗaure tsaf, ta bi ta keken wibin. Idan ka ga zare na zubowa bayan wanki biyu, ba ta bi ba. Da wannan ne mai saye ke rarrabe ɗinkin gida da na shago, kuma da shi yake yanke farashi, ko da mai ɗinkin gidan ta fi telan iya yanka.

Ina da wata 'yar uwa a Wurno da ta fi teloli da yawa da na sani hannu. Ba ta taɓa kiran kanta tela ba. Hijabai take ɗinkawa, da kayan yaranta da na maƙwabta, da rigunan filo, a kan tsohon keken da ya girme ta. In ta gama haɗawa sai ta ƙulle a leda ta ba yaro ya kai wa wani tela a yi mata wibin. Shi kuma yana da nasa masu ɗinkin, don haka nata sai ya samu sarari. Aikin minti goma ya kwana uku. In azumi ya raba tsakiya kuwa, ko karɓa ba ya yi, kuma ba wanda zai ga baƙinsa, shi ma kwana yake yi a zaune. Akwai sallar da ƙananan 'ya'yanta suka sa kaya ba wibin, ta bi bakin da ɗinkin hannu cikin dare da fitilar waya.

Wannan matar ba horon wata uku take nema ba. Ba sabon Butterfly take nema ba. Awa biyu take nema a mako a kan keken da ba za ta taɓa iya saye ba.

Na san abin da wani zai ce. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, manomi na tsoron zuwa gonarsa, kai kana maganar masu ɗinkin sha'awa? Sha'awa ai ta wanda ya ƙoshi ce.

Kalmar ce ke ruɗin mu. A wajenmu ɗinkin sha'awa ba wasan masu hali ba ne. Dattijon da ke zaune a gindin bedi yana ɗinkin hula yana sauraren rediyo, da almajirin da ke zanen aska a wuyan babbar riga bayan ya ajiye allo, da matar auren da ke saƙa bayan ta sauke tukunya, duk ba su yi rajista da kowa ba. Suna yi ne don hannu ya saba kuma rai na so, in an samu na goro a karɓa. Daga cikinsu ne gwanaye ke fitowa. Ba wanda aka haifa da shago. Idan ka ce sai mai shago zai taɓa babban keke, ka rufe ƙofar da masu shagon gobe za su shigo ta ita.

Sannan ko wadda ba za ta taɓa sayar da ko hijabi ɗaya ba, in ta ɗinka wa 'ya'ya biyar kayan salla da yunifom da kanta, kuɗin ɗinkin ya zauna a gida. A wannan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutanen Wurno kuwa bai kamata wannan magana ta zame musu baƙuwa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinsa, ya rasu a can a 1837 kuma hubbarensa na nan har gobe, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A cikin abubuwan da ya ɗora wa shugaba akwai kula da masu sana'ar hannu, ya ambaci maɗinka da marina da maƙera da masassaƙa, ya kuma nuna a tabbatar kowane gari yana da nasa. Wato shi bai ɗauki sana'a a matsayin abin da ake tarawa a babban birni kowa ya yi tattaki ya je nema ba. Kusan shekara 200 bayan haka, daga garin da yake kwance, mai son aikin wuya na zamani ko ɗinkin yunifom masu yawa hankalinsa Sakkwato yake tafiya, ko Kano.

Rabah ma tana da nata abin tunawa. Ɗanta, Sardauna Ahmadu Bello, a zamanin gwamnatinsa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Ta rufe a 2002, sauran 'yan uwanta suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da jin alkawarin za a farfaɗo da masaƙu. In an farfaɗo, madalla. Amma ɗaki ɗaya mai keke bakwai ba ya buƙatar jiran Abuja.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, tsarin da nake magana a kai mun riga mun san shi, ba mu dai kai shi kan ɗinki ba ne. Gida nawa ne ke da injin niƙa? Amma kowane gida na cin tuwo. Yarinya ta ɗauki kwano ta je, ta ajiye a layi, ta biya, a niƙa mata. Manomin shinkafa a fadamar Wurno ba ya sayen injin casa don buhunan da ya noma, kai wa yake yi a cashe masa. A ƙasan madatsar ruwan Goronyo, mai albasar da ba shi da injin ban ruwa haya yake ɗauka. Hatta cajin waya haka muke yi. Ba wanda ya taɓa kiran taro ya raba wa mata ƙananan injinan niƙa ɗaya-ɗaya, don kowa ya san wauta ce. To me ya sa a ɗinki kaɗai muke yin haka?

Gwamnati ma ta gane wannan, a wasu wuraren. A 2020 aka buɗe wata cibiyar kekunan ɗinki ta haɗaka a Ikeja da ke Legas, ƙarƙashin shirin tallafa wa ƙananan sana'o'i na ofishin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, inda tela ke zuwa ya biya ya yi aiki da injinan da ba zai iya saye ba. Hukumar SMEDAN ma ta yi irin wannan a cibiyarta ta Idu a Abuja, da wutar sola. Tunanin ya yi. Sai dai duba inda aka kai su: biranen da ko babu su ma tela zai samu keken wibin a lungu na gaba. Inda abin zai fi canza rayuwa shi ne garin da keken wibin ɗinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, don ba zan yi kamar abin mai sauƙi ne ba.

Na farko, kayan da aka ce na kowa ne, a wajenmu sau da yawa yana zama ba na kowa ba. Mun ga cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe da kiɗa da algaita, yau ƙadangaru ke kwana a kan teburan. Mun ga rijiyoyin burtsatse da suka tsaya saboda abin da bai kai kuɗin buhun gero ba. Idan aka yi wannan shago kyauta, aka sa ma'aikacin da albashinsa zai shigo ko keke na gudu ko ba ya gudu, ba zai kai salla biyu ba.

Me ya sa injin niƙa ba ya mutuwa irin wannan mutuwar? Don ranar da ya tsaya, mai shi bai ci ba. Haka ya kamata a gina wannan. A biya kuɗin awa, a rubuta farashin a bango kowa ya gani, ɗan hakimi da marainiya kuɗinsu ɗaya. Mai kula da ɗakin ya ci kasonsa daga abin da ya shigo, ba albashi ba. A ware wani kaso na gyara tun daga ranar farko, kada a jira sai bel ya tsinke a fara rubuta wa sakatariya takarda. Kowa ya zo da zarensa da allurarsa, don allura ce ke fara haddasa rigima. Af, allurar keken gida ba ta shiga na indastiriyal: ta gida gefe ɗaya na gindinta a baje yake, waccan kuwa zagayayya ce. Wannan ma ƙaramin ciniki ne ga mai kula da ɗakin.

Kuma ba wanda zai hau sai an gwada shi. Keken da ke gudu irin wannan ba ya tambayar yadi ne ko yatsa. Zama biyu ko uku da gwani a gefe, ana koya wa ƙafa laushi, sannan a rubuta sunan mutum cikin waɗanda aka yarje wa.

Na biyu, wuta. Wanda zai dogara da wutar kamfanin rarrabawa na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa, gara kada ya fara. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe kwanaki a duhu. Janareta kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abokin gaba. Saura rana, wadda Allah Ya hore mana har muna kuka da ita.

A nan akwai wani ɗan bayani da masu sayo kayan kwangila ba sa kula da shi, alhali shi ke yanke hukunci. Manyan kekunan nan injin iri biyu ake ɗaura musu. Tsohon yayi, mai kulochi, da ka kunna shi yake ta juyawa yana gunji yana shan wuta, ko kana ɗinki ko kana hira. Sabon, wanda ake kira sabo ko sarbo, ba ya motsi sai ka taka, kuma ana iya rage masa gudu don mai koyo. Da irin wannan, faifan sola madaidaita za su riƙe ɗaki guda da rana, ba sai an tara batura masu tsada ba, tunda aikin na rana ne. Babban mai shan wuta a shagon tela ba keke ba ne, dutsen guga ne. A bar shi na gawayi, ba abin kunya ba ne. Sai kuma murfi ga kowane keke, don ƙurar hunturu in ta haɗu da mai, laka take zama.

Na uku, teloli. Wasu za su ji kamar an zo raba su da abincinsu, kuma ba zan ce musu ƙarya suke yi ba. Wanda ke samun na cefane daga wibin ɗin matan unguwa zai rasa wani abu. Amma shi ma ya tambayi kansa: ina yake kai gidan maɓalli? Sau nawa aka ba shi ɗinkin yunifom na makaranta guda ya ƙi karɓa don ya san kekensa biyu ba za su fitar ba, aikin ya tafi birni? A jawo ƙungiyarsu cikin tafiyar da ɗakin, su kawo makanikin da suka yarda da shi, su samu lokutansu. Iyaka dai a sa ƙa'idar awa, musamman daga tsakiyar azumi, kada babban tela ɗaya ya zo da yaransa ya mamaye kujeru tun asuba har dare. In aka bar haka, an mayar da 'yar uwata kan layin da ta fito.

Na huɗu, mata, waɗanda su ne mafi yawan masu wannan ɗinki. Idan aka kafa ɗakin a tsakiyar tasha, cikin samari, to an gina shi ne don rabin gari. Maigida ba zai bari ba, ita ma ba za ta so ba. A sa shi kusa da islamiyyar matan aure ko wani wuri da ƙafarsu ta saba zuwa, a ware musu ranaku sukutum, mace ce ke riƙe da makulli a ranar. Wannan ba ado ba ne a tsarin. In ba a yi shi ba, sauran duk aikin banza ne.

Sai tsaro, wanda aka fara jefo mini. A ganina shi ne ma babbar hujjar yin abin. Ba a manta harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba, inda aka kashe mutum fiye da 40, ko na yankin Gandi a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya tashi ƙauyuka. Wanda ya gudo cikin dare da yaro a kafaɗa bai ɗauko keken ɗinki ba. Cikin mutanen da suka dawo manyan garuruwan nan akwai waɗanda suka iya ɗinki sarai, hannu na nan, kayan aiki ne babu. Ka ba irin wannan mutum keke, ina zai ajiye shi, a ajin firamaren da yake kwana? Ka ba shi kujera ta awa uku, ya fita da abin sayarwa. Kuma duk aikin da aka gama a cikin gari, tafiya ɗaya ce aka rage a kan hanyar da kowa ke hawa da addu'a.

Wa zai biya? Ƙananan hukumomi su ne na farko, tunda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗinsu nasu ne. Ba ma sai sun gina komai ba. Akwai ɗakunan cibiyoyin mata da na koyon sana'a da ke kulle. Ɗan majalisar da ya saba sayo ƙananan kekuna ɗari don rabo, ya gwada sau ɗaya ya karkatar da kuɗin nan. Na san abin da ke hana su: keke ɗari hoto ɗari ne, ɗaki ɗaya hoto ɗaya. Amma ɗakin yana nan ranar zaɓe, kekunan kuwa sun daɗe da bin dillali.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai, ita ce waƙafi. Jihar Sakkwato na da Hukumar Zakka da Waƙafi. Zakka haƙƙin mutum ce, a hannunsa ake danƙa ta, ya yi yadda ya so. Waƙafi kuwa asalinsa a tsare yake, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninsa ne ke gudana. A mazhabar Malikiyya da muke bi ya halatta a yi waƙafin abin da ake iya ɗauka, ba sai gona ko gini ba. Attajirin albasa ko tafarnuwa da ke neman abin da zai yi wa mahaifiyarsa sadaka mai gudana, ga keken wibin nan. Kuma na lura, wanda ba ya jin komai in ya kwance kayan gwamnati ya kai gida, yakan yi tunani sau biyu kafin ya taɓa abin da aka ce na Allah ne.

Masu karin magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma da gaskiyarsu. Wadda ɗinki ya karɓe ta, wata rana za ta so nata. To sai ta saya da kuɗin da ta tara a kan kujerar haya, ta san irin wanda za ta saya, ta san yadda ake kula da shi. Irin wannan keken ba ya zuwa gaban dillali da ledarsa.

Abu ɗaya nake roƙo kada a yi: kada a fara da babban injin kwamfuta mai zana wuyan riga don a burge baƙi ranar buɗewa. Yana da tsada, yana son wuta tsayayya, yana son wanda ya iya sarrafa zane a kwamfuta, in ya lalace kuma sai an kira mai gyara daga nesa. A fara da keken miƙe huɗu, na wibin biyu, na gidan maɓalli ɗaya, da babban teburin yanka. A fara da gari ɗaya, ni da za a tambaye ni Wurno zan ce. A buɗe bayan babbar salla, lokacin da ɗinki ya lafa, don a samu watannin koya wa mutane hawa kafin azumi ya zagayo. A ajiye littafi a bakin ƙofa ana rubuta wanda ya zo, awa nawa ya yi, nawa ya biya, me aka gyara. Bayan shekara a ɗauki littafin a kai wa mutanen Rabah da Goronyo su karanta da kansu.